Jatau da Kugen da Ya Ƙi Yin Shiru

Can bayan inda fatake ke gajiya su juyo, akwai wani birni na aljannu da ake kira Birnin Kuge. Ba a noma a cikinsa, ba a saƙa, ba a cin kasuwa. Sana'arsu ɗaya ce. Duk ɗan Adam da aka haifa, ranar da aka raɗa masa suna sai maƙeran birnin su ƙera masa kuge, irin ƙarfen nan da ake bugawa in za a yi shela. Su rataye shi, su zaunar da aljani guda a gindinsa da sanda a hannu. Duk sa'ad da aka ambaci mutum a bayan idonsa, aljanin ya buga. Bugun nan shi ne ƙarar da kake ji a kunne, ka dubi na kusa da kai ka ce, "Wani na maganata." Ta ɗan jima ta wuce.

To, an yi wani mutum da tasa ta ƙi wucewa.

Sunansa Jatau, ɗan koli ne a garin Kukar Maje. Matarsa Tsahara ta yi haihuwar fari, tana gidan uwarta tana wankan jego kamar yadda aka saba. Wata rana da azahar ya dawo daga kasuwar ƙauye, tun safe bai sa komai a cikinsa ba, ya ce bari ya biya ya duba ɗansa. Ya yi sallama a zaure, shiru. Ya sake, shiru. Ya leƙa tsakar gida, ba kowa, sai wata ƙwarya a kan turmi an rufe ta da faifai tana huci. Kunun kanwa ne na maijego, ya ji kayan yaji, ƙamshinsa har zaure.

Kowa ya san suruki, ko ruwa aka kawo masa a gidan surukai, ɗan taɓa baki yake yi ya ture. Jatau ya san haka. Cikinsa ne bai sani ba. Ya ce kurɓa ɗaya kawai. Daga kurɓa ɗaya sai ga fuskarsa ta nutse cikin ƙwarya har kunne. Yana cikin haka ya ji motsi, ya sauke ƙwaryar. Iya Gwamma ce, uwar matarsa, tsaye da tsintsiya a hannu. Kunu na ɗiga daga gemunsa. Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta koma ɗaki.

Jatau bai san ta inda ya fita ba. Yana kaiwa bakin hanya ya ce a ransa, "Shi ke nan, yanzu za ta faɗa wa mata." Nan take kunnensa ya ɗauki ƙara, siririya kamar kukan gyare.

Ya kwana da ita, ya tashi da ita. In ya wuce majalisa ya ji an yi dariya, sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri. Ya daina fita kasuwa. Tsahara ta gama wanka, aka aiko ya zo a yi maganar komawarta ɗakinta, ya ce ba shi da lafiya. Aka sake aikowa, ya ɓuya a bayan rumbu. Ya san in ya ci gaba da haka auren zai mutu, ga shi yana son matarsa. Amma ƙafarsa ba za ta taka gidan nan ba muddin kunnensa na shaida masa gari duka da shi ake yi.

Da abin ya ishe shi sai ya tafi wurin Cindo wanzami, taubashinsa, wanda ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Cindo ya murɗa kunnen ya leƙa ciki ya ce, "Kai mummuna, me ka yi wa mutane?"

"Ba abin da na yi."

"Kunne ba ya ƙara banza. Wanda ake ambata dare da rana, ko sarauta aka ba shi ko abin kunya ya yi. Kai kuwa ban ga rawani a kanka ba."

"Ka yi aikinka, wanzami, ka bar surutu."

Cindo ya ɗiga masa man shanu mai ɗumi a kunne. Ya turara masa tafarnuwa. Ya kafa masa ƙaho a ƙeya har jini ya fito baƙi. Ƙara na nan daram. Cindo ya goge askarsa ya ce, "Wannan ba ta wanzamai ba ce. Kakarmu takan ce in ta ƙi, sai mutum ya je ya ga mai bugawa. Ka fita bayan gari ka juya kanka a hankali. Inda ka ji ta fi tsanani, nan ka nufa. In ka mutu a hanya ni zan gaji jakinka."

Jatau ya ɗaure gari da ƙuli-ƙuli a jaka, ya fita ta ƙofar baya don kada a gan shi. Ya juya kai gabas, ya juya yamma. Da ya fuskanci kudu sai ƙarar ta soke shi har haƙori. Ya bi ta.

Ya yi ta tafiya har gonaki suka ƙare, burtali ya ƙare, tsuntsayen da ya sani suka ƙare. Ya iso wani babban kogi. Ruwa na gangarowa yana dukan duwatsu, kumfa na tashi, amma ko ɗis ba a ji. A bakin gaɓa ga wani aljani cikin kwalekwale. Kunnuwansa sun kai tabarma girma, ya shimfiɗa ɗaya ya zauna a kai, ɗayan ya yi laima da shi.

Aljanin ya ce, "Ya kai ɗan Adam, wannan Kogin Kurum ne, ni ne mai fitonsa. Me ya raba ka da 'yan'uwanka?"

Jatau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ciwon kunne."

"Shigo. Sai dai ka sani, kwalekwalena ba ya kai mutum gaɓa da rabin magana a bakinsa."

Suna kaiwa tsakiya kwalekwale ya tsaya cak. Wasu fararen kadoji suka taso suka kewaye su, suka ɗora haɓa a gefen jirgin suna kallon Jatau. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashi.

Mai fito ya ce, "Ina saurarenka."

"Na sha abin da ba nawa ba."

Kwalekwale ya ɗan matsa, ya sake tsayawa.

"Kunu ne."

Ruwa ya kai idon sawu.

"Na maijego."

Ruwa ya kai gwiwa. Wani kada ya buɗe baki, Jatau ya hango takalmin wani a maƙale tsakanin haƙoransa. Ya runtse ido ya ce, "A gidan surukaina. Uwar matata na tsaye tana kallona, kunun na zuba daga gemuna."

Ruwan ya janye, kadoji suka nutse, kwalekwale ya miƙe. Mai fito ya naɗo kunnen da ya yi laima da shi ya rufe fuskarsa, bai buɗe ba sai da suka kai gaɓa. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, na haye da wanda ya yi kisa, na haye da wanda ya ci amanar maraya. Irinka ban taɓa ɗauka ba. Sauka. Gabanka akwai Kurmin Harsuna. Duk wanda ya kira ka, in ba ka ga fuskarsa ba, kada ka amsa."

Jatau ya sauka, ji yake da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Kurmin kuwa itatuwansa ba su da ganye, harsuna ne jajaye a kowane reshe, suna ɗigar da yawu. Yana shiga suka fara motsi. Ya ji muryar Cindo tana cewa, "Mummuna, tsaya mana, ka manta hularka." Bai tanka ba. Ya ji muryar mahaifinsa da ya rasu tana cewa, "Ni na haife ka, za ka wuce ni ba gaisuwa?" Hawaye ya zubo masa, ya cije leɓe. Ya ji yaran unguwarsu suna tafi suna waƙa, "Mai gemun kunu, mai gemun kunu." A gefen hanya yana ganin kututturai masu siffar mutane, kowanne baki a buɗe, harshe ya tsiro daga ciki ya yi reshe. Waɗanda suka amsa ke nan.

Ya kusa fita sai ya ji kukan jariri, da muryar Tsahara a bayansa tana haki. "Jatau, Jatau, juyo ka karɓi yaron nan, ƙafata ta karye."

Bakinsa ya buɗe. "Na'am" ta hau harshensa. Sai ya tuna tun da aka ɗaura musu aure Tsahara ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a gabansa ko a gaban ƙawayenta. Malam take cewa. Ya cusa hularsa a baki ya ruga da gudu, harsuna na lasar wuyansa, har ya faɗa fili.

Daga nan ya ratsa wata ƙasa da aka shimfiɗe da fatar ganga, kowane taku sai ta yi gum, wasu tsuntsaye masu bakin ƙarfe su sauko neman mai tafiya. Da rarrafe ya ƙetare ta, gwiwoyinsa suka saɓule. Ya wuce wani dutse mai numfashi, in ya ja iska sai ya tsotse duk abin da ke kusa, sai da Jatau ya ɗaure kansa a jikin kuka da igiyar wandonsa har dutsen ya fesar. Garinsa ya ƙare, ƙuli-ƙuli ya ƙare. Ƙarar kuwa kullum ƙaruwa take, har ya fara ganin ta a idonsa kamar walƙiya.

Ran nan da hantsi ya hango ganuwa ta baƙin ƙarfe. Amon da ke tashi daga cikinta kamar ruwan ƙanƙara a kan rufin kwano. Masu tsaron ƙofa ba su da kunnuwa sam, wurin a shafe yake. Suka ɗauke shi cak kamar ɗan akuya suka shiga da shi.

Ko'ina ya duba kuge ne a rataye, daga ƙasa har inda ido ba ya kaiwa. Wasu ana ta bugunsu ba hutawa. Wasu sun yi tsatsa, masu bugunsu na gyangyaɗi, na matattu ke nan, sai can ba a rasa ba wani jika ya tuna da su a buga sau ɗaya. Kowane kuge akwai zarurruka ɗaure da shi, sun miƙe sun ɓace cikin iska. In zare ya motsa, aljani ya buga.

Aka dire shi gaban Magajiya Samsamatu, mai mulkin birnin. Tana zaune a kan wata maƙera mai girman ɗaki, gashinta na baƙin ƙarfe har ƙasa. Ta ɗaga yatsa ɗaya. Birni duka ya yi tsit, sai wani kuge guda can nesa da ya ƙi tsayawa.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, wancan naka ne. Ya hana mu barci. Me kake nema?"

Jatau ya kifa goshi a ƙasa ya ce, "Ranki ya daɗe, mutanen garinmu sun sa ni a baki saboda wani abin kunya da na yi. Ina roƙo a rufe musu baki, ko kunnena ya huta in iya komawa ga iyalina."

"Tashi mu je ka gani."

Suka iske wani ramammen aljani yana bugu, hannunsa na dama ya kumbura ya yi kamar taɓarya. Kusa da shi ga wani ƙato, sabon zuwa, shi ma da tasa sandar.

Ramammen ya dubi Jatau bai fasa bugu ba, ya ce, "Kai ne? Ni ne Ƙwanƙwasau, tun ranar sunanka nake nan. Da can aikinka daɗi gare shi. Wata ta ce allurarka ta karye, in buga, in koma in kwanta. Yanzu dubi hannuna. 'Yata ta yi aure ban je ba."

Magajiya ta ce, "Bi wannan da ido."

Ta nuna wata igiya mai kauri, ba kamar sauran zarurrukan ba, tana ta fizga. Jatau ya bi ta da ido daga kugen, ta sauko ƙasa, ta zagaya, ta hau ƙafarsa, ta shige ƙirjinsa.

Ta ce, "Mutum in ya zauna yana yi da kansa a zuci, mu a wurinmu ambato ne, dole mu buga. Tun daga bakin hanyar gidan surukanka kake jan igiyar nan, ba ka sake ta ba ko cikin barci."

"Ranki ya daɗe, Iya Gwamma fa? Ina nata zaren?"

"Babu. Tsohuwar nan ba ta buɗe baki a kanka ba, ko ga 'yarta."

Jatau ya waiwaya. Ya nuna ƙaton da ke gefe ya ce, "To wannan, da waɗannan zarurrukan masu yawa?"

"Waɗannan sababbi ne. Sai da ka bar gari muka ƙara shi." Ta ɗauki zare ɗaya ta ɗora masa a kunne. Ya ji matan Kukar Maje a bakin rijiya.

"Ɗan kolin nan har yau shiru?"

"Shiru. Ya bar yarinya da ɗanyen goyo ya gudu."

"Ni da ina ganinsa kamar mutumin kirki."

Ta sake ɗora masa wani. Dattawa ne a ƙofar masallaci, ɗaya na cewa in bai dawo ba kafin kaka a je wurin alƙali a raba auren, yarinya ta huta. Ya saurari wani, ya saurari wani. Ba wanda ya ambaci kunu.

Jatau ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu. Abin da ya yi wa gudu babu shi, gudun ne ya haifo na gaske.

Magajiya ta ce, "Magani biyu ne. Na farko, in sa a yanke kugen a narkar da shi. Kunnenka zai yi shiru har kabari. Amma sunanka zai faɗi daga bakin mutane. Matarka za ta wuce ka a hanya. Ɗanka in an tambaye shi ɗan wane ne, sai ya tsaya yana tunani."

Ƙwanƙwasau ya ce, "Karɓi wannan, ɗan Adam. Don Allah karɓi wannan."

Jatau ya auna maganar. A manta da shi, a manta da gemunsa, abin ya yi masa daɗi a rai. Can ya ce, "Na biyun fa?"

"Mu abin da aka faɗa a ɓoye muke bugawa. Abin da aka faɗa a gaban mai shi ba ya zuwa nan. Ka je ka durƙusa gaban tsohuwar, ka faɗi abin da ka yi da bakinka. Igiyar za ta tsinke. Ƙananan zarurrukan kuwa, in aka gan ka da matarka za su bushe da kansu, mutane ba su daɗewa a kan abu ɗaya."

"Ranki ya daɗe, ba wani dodo da zan yi kokawa da shi a madadin haka? Ko a aike ni ɗebo wuta a ƙarƙashin teku?"

"Dodanni muna da su da yawa. Ba su ne maganinka ba."

Ya share fuska ya ce, "A bar kugen."

Ƙwanƙwasau ya yi tsaki ya ce, "To ka yi sauri."

Magajiya ta kira wata guguwa ta naɗe shi. Kafin ya gama salati ta zubar da shi a bayan garin Kukar Maje, rana ta take tsaka, kowa na waje. Bai bi ta lungu ba, don ya san in ya shiga lungu ba zai fito ba. Ya ratsa ta bakin rijiya, mata suka bi shi da kallo. Ya wuce ta gaban rumfar Cindo, wanda ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskarsa, ya rufe.

Ya yi sallama a zauren surukansa, ya tuɓe takalmi, ya shiga ya durƙusa nesa da ƙofar ɗakin Iya Gwamma. Asabari na sauke, yana hango ƙafafunta kawai.

"Iya, ina wuni."

"Lafiya lau. An dawo?"

"An dawo, Iya." Ƙarar ta cika masa kai, da ƙyar yake jin muryarsa. Ya kafa ido a ƙasa ya ce, "Iya, ranar nan, kunun da ke kan turmi. Ni na sha. Kunyar haka ce ta kore ni."

Ƙafafun tsohuwa suka ja baya kaɗan.

Ta ce, "Ni ranar nan idona ke ciwo, ban ga kowa ba. Abin da na gani shi ne yarinya kullum tana leƙen zaure, da yaro ya fara zama bai san fuskar ubansa ba. Wannan na gani da kyau. A tashi a shiga, suna ɗakin baya."

Wani abu ya tsinke a ƙirjin Jatau, ɗas. Ƙarar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke. Ya ji kaza na tonon ƙasa. Ya ji tukunya na tafasa a murhu. Ya ji wata na danne dariya a bayan zana.

Tsahara ce, goye da yaro, idonta jajur, ba ka sanin kuka ta yi ko dariya. Duk ta ji. Ta kwanto yaron ta miƙa masa, ta yi ƙasa da murya don kada uwarta ta ji.

"Malam, ashe kai ne? Iya cewa ta yi akuyarmu ce ta tura baki. Ranar ta yi mata dukan tsiya a gaban maƙwabta, washegari ta sa aka kai ta mahauta, wai ba ta zama da ɓarauniya a gida. Akuyar da take ji da ita kamar 'yarta."

Jatau ya rungume ɗansa, ya rasa inda zai sa ido.

A makon nan Tsahara ta koma ɗakinta. Kunnen Jatau ya zama kamar na kowa, yakan yi 'yar ƙara jefi-jefi ta wuce, shi kuwa ya ce a ransa, "Sannu da aiki, Ƙwanƙwasau." Sai dai har gemunsa ya yi fari, in ya haɗu da akuya a hanya, shi ke fara kawar da kai.

Labarin Jatau ɗan koli ke nan, nan ya tsaya.